FILIN MATA: Tsufa Ba Ya Hana Hawan Keke



Maganar da na kawo muku makon nan ta keke ce, watau basukur, kamar yadda kakanninmu su ke kiransa. Tambaya kuwa ita ce, ko ya dace macen da ta manyanta, ta aurar da 'ya'ya, har ta ga jikoki, ta koyi hawan keke? Na san in aka jefa tambayar nan a tsakar kowane gida a Bahindi, ko Bagudo, ko Kaoje, mutane za su rabu biyu. Waɗansu za su ce icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, abin da ba a koya da ƙuruciya ba yaya za a koye shi da furfura? Waɗansu kuwa su ce gemu ba ya hana ilmi. Ni dai ina bayan na biyun, ko da ya ke mu mata ba mu da gemu. Ga dalilaina, ku auna su da kanku.

Da fari ku dubi yadda zamani ya juya. A da keke abin alfarma ne. Malamin makaranta, da malamin asibiti, da mai bishara, da manomin da ya sami albarkar kaka, kowa burinsa ya mallaki Raleigh, ya yi masa ado, ya goge shi ran Juma'a ko ran Lahadi. Da babur ya shigo sai aka jingine keke bayan rumbu, kaji suka mai da shi wurin kwana. To, ran 29 ga watan Mayu 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuwa har ta wuce naira 1,000. Kuɗin kabu-kabu ya bi sawu. Wanda abin ya fi ƙuntata wa ita ce mace mai shekaru, wadda ba ta da babur, ƙafa kuma ta fara gajiya. Ita ce za ta fasa zuwa asibiti awon jini, ta fasa zuwa gaisuwar mutuwa a ƙauyen gaba, ta fasa zuwa sujada, domin kuɗin zuwa da dawowa ya kai na cefanen wuni. Keke kuwa ba ya shan fetur. Abincinsa ɗan baƙin mai ne a sarƙa, da iska a taya, iskar kuwa ta Allah ce.

Akwai wata uwa cikin Zumuntar Matan ikilisiyarmu, ba ta son a yayata sunanta, sai mu kira ta Inna. Shekarunta 58. Mijinta ya rasu ya bar mata tsohon kekensa rataye a ɗaki. Sana'arta sai da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a ƙofar gida, tun safe tana zaune har la'asar. Sannu a hankali jiki ya yi mata nauyi, gwiwa ta riƙa ciwo, kai ya riƙa sara, da aka auna ta aka ce hawan jini ne. Malamar asibiti ta ba ta magani, ta ce ta rage gishiri da magi, ta riƙa motsa jiki kullum. Inna ta gwada tafiya a ƙasa, gwiwa ta ƙi. Sai jikanyarta, yarinya 'yar sakandare, ta ce, "Inna, ga keken Baba Tsoho nan yana tsatsa, in an gyara shi ni zan riƙe miki." Inna ta ce, "Ke tafi can, so ki ke gari ya yi mini dariya?" Yarinya ba ta daddara ba, kullum sai ta sake tayar da maganar, har Inna ta yarda, amma da sharaɗin sai da sassafe, a filin makaranta, kafin mutane su fito.

Gari kuwa ya yi dariyar. Yara suka bi ta da ihu, wata maƙwabciya ta ce tsufa ya zo wa Inna da gardama. Ta faɗi sau biyu, ta kurje gwiwar hannu. Keken mai sanda ne, na maza, hawansa da zane ya yi mata wuya, saboda haka ɗanta ya kai shi kasuwa ya yi ciko aka ba shi na mata. Wajen wata biyu ta yi tana fama kafin ta iya tashi da kanta, ta juya, ta tsaya, ba mai riƙe mata. Yanzu shekara ta zagayo. Ba ta bar shan maganinta ba, amma malamar asibiti ta ce jinin ya zauna daidai, gwiwa ta yi sauƙi, barci ya dawo mata.

Ranar Godiyar Kaka, da kowa ya kawo abin da ya samu, wannan damin gero, wancan buhun shinkafa, wata kaza, sai Inna ta jingine kekenta a ƙofar majami'a ta shigo ta tsaya gaban jama'a. Ta ce, "'Ya'yana, bara war haka sai na dafa bango na ke tashi. Allah ya mayar mini da ƙafafuna. Ba ni da saniyar da zan kawo, saboda haka ƙafafun nan zan ba shi su yi masa aiki." Tun daga ranar, kowace Talata da Alhamis ta kan ɗaura ɗan tulun kunu a kariya ta zaga ƙauyuka uku da ke kusa, tana gai da marasa lafiya da tsofaffin da ba su iya fita, Kirista da Musulmi duka, ba ta zaɓe. Maƙwabciyar nan da ta yi mata ba'a kuwa, yanzu ita ke aiken Inna ta sayo mata magani.

Kada ku ce abin al'ajabi ne ya faru da ita kaɗai. Likitoci sun san dalili. Zuciya tsoka ce kamar ta hannu, in ana ba ta aiki daidai gwargwado sai ta ƙara ƙarfi, hanyoyin jini su saki, jini ya riƙa gudana ba tare da matsi mai yawa ba. Tsokar cinya kuwa tana cikin manyan tsokokin jiki, in tana aiki sai ta riƙa jan suga daga cikin jini tana ƙonawa, shi ya sa a ke umurtar masu ciwon suga da motsa jiki. Ga kuma abin da keke ya fi tafiyar ƙasa da shi wajen mai ciwon gwiwa: in kina tafiya, nauyinki duka bisa gwiwa ya ke sauka, amma in kina bisa keke sirdi ne ke ɗauke da yawancin nauyin, gwiwa juyawa kurum ta ke yi. Juyawar nan kuwa ita ke sa gaɓa ta yi laushi, kamar yadda ƙofar da a ke buɗewa kullum ba ta cijewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya kamata ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Ku 'yan makaranta ku raba mana: minti 30 ke nan sau biyar. Zuwa kasuwa da dawowa ya isa.

Na san abin da wata za ta ce. Za ta ce, "Malama, mu da ke daka, da surfe, da ɗibar ruwa, da dashen shinkafa a fadamar Kwara, wane motsa jiki ya rage mana?" Gaskiyarki, 'yar'uwa. Mata iri biyu ne a ƙasar nan tamu. Akwai wadda injin niƙa da famfo da babur suka hutar, har hutun ya zame mata cuta, ita keke zai tashe ta. Akwai kuma wadda aiki ya yi wa yawa, ta shekara talatin tana ɗaukar itace da jarka da buhun albasa a ka, har wuya da baya suka gaji. Ita keke hutar da ita zai yi, gama kayan da ke danne mata wuya kariya ce za ta ɗauka, tafiyar awa guda kuma ta koma ta minti 20. Ko ba ta hau ba, ta ɗora kayan ta tura, ta rage wa kanta wahala. Kowace da irin amfanin da za ta samu.

Inna ba ita ce ta fara ba. An yi wata Ba'amurkiya, sunanta Frances Willard, an haife ta a 1839. Mace ce mai ibada, ita ce shugabar babbar ƙungiyar mata Kirista masu yaƙi da shan giya a Amurka tun daga 1879. A zamanin ƙuruciyarta babu keken da mace za ta iya hawa. Irin wanda mu ke gani yanzu, mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa, sai a 1885 wani mutumin Ingila, John Kemp Starley, ya fito da shi, taya mai iska ta keke kuwa John Dunlop ne ya fito da ita a 1888. A 1892 mahaifiyar Frances ta rasu, baƙin ciki da gajiyar aiki suka kwantar mata da jiki. Tana zaune a Ingila wurin ƙawarta Lady Henry Somerset, sai ƙawar ta ba ta keke kyauta. A 1893, tana da shekara 53, ta fara koyo. Wajen minti 15 ta kan yi a rana, cikin wata uku ta iya. Murna ta sa har ta raɗa wa keken suna Gladys, ta kuma rubuta ɗan littafi a 1895 tana ba mata labarin yadda ta koya, domin su ma su yi ƙarfin hali. Ta rasu a 1898. Kun ga keke bai hana ajali ba, ba kuwa wanda ya ce zai hana. Abin da ya ba ta shi ne ƙarfin jiki da farin ciki a sauran kwanakin da Allah ya ɗiba mata.

In kun ce wannan Baturiya ce mai hali, to, ga labarin talakawa irinmu. A ƙasar Indiya, cikin jihar Tamil Nadu, akwai gundumar Pudukkottai. A 1991 suna yaƙi da jahilci, irin wanda aka yi a nan Arewa zamanin kakanninmu. Shugabar gundumar mace ce, Sheela Rani Chunkath, sai ta ce bayan karatu da rubutu da lissafi a haɗa wa mata da koyon keke. Cikin wajen shekara ɗaya da rabi matan ƙauye fiye da 100,000 suka iya, masu aikin gona, da masu fasa dutse, da malaman makaranta. Da kekunan mata suka ƙare a kanti, sai suka riƙa sayen na maza. An yi musu ba'a kamar yadda aka yi wa Inna, amma da suka yi yawa ba'ar ta mutu. Ba ma sai mun je Indiya ba. Fataken da ke bi ta Tsamiya ko Lolo su shiga ƙasar Benin, har su kai Barkina Faso, za su gaya muku a Wagadugu mace bisa keke, da goyo a baya da kwandon kayan miya a kariya, ba abin kallo ba ne.

Saura maganar kunya, ita ce kuwa babbar. Kunya ado ce ga mace, ban ce a yar da ita ba. Amma ku bambanta kunya da tsoron bakin mutane. Macen da ta sa wando a ƙarƙashin zane, ta ɗaure mayafinta da kyau, ta hau kekenta ta tafi asibiti, ba ta zubar da mutuncin kowa ba. Zancen da a ke yi wai keke yana hana haihuwa, zancen banza ne, matan ƙasashen da na ambata suna hawa suna haihuwa. Mai miji kuma ta nemi yardar maigida da ladabi. Kada ki tare shi da gardama yana dawowa daga gona. Bari ya ci ya sha, sa'an nan ki lissafa masa abin da kabu-kabu ke ci a wata, ki gaya masa abin da aka ce miki a asibiti. Namiji mai hankali ya fi son mace mai lafiya bisa keke da mace kwance a gadon asibiti. Wadda ke cikin kulle kuwa, ban ce ta ƙetare dokar gidanta ba, amma ta ƙyale 'yarta ta koya.

Ga yadda a ke koyo, ga wadda ta yi niyya.

Na farko, ki je asibiti a auna ki, ki gaya musu abin da ki ke shirin yi. Mai ciwon zuciya, da mai yawan jiri, da wadda ido ya yi wa rauni, da mai ciki, kada su fara sai likita ya yarda.

Na biyu, ki nemi keken mata, marar sanda, wanda ke da cankes domin kada sarƙa ta cafke miki zane. A kai shi wurin mai gyara ya duba birki biyun, da taya, da ƙararrawa.

Na uku, a sauke sirdi ƙasa har tafin ƙafafunki biyu su taka ƙasa kina zaune, a kwance feda a ajiye. Ki nemi fili mai tauri, ba rairayi mai zurfi ba, ba kuwa kwalta ba. Ki riƙa tura kanki da ƙafa, kina ɗaga su kaɗan kaɗan, har ki ji keken yana tafiya da ke bai karkata ba. Idonki a gaba, can inda za ki, gama mai kallon taya ita ke faɗuwa. Ki koyi matsa birki a hankali, duka biyu tare, tun kafin ki koyi gudu.

Na huɗu, in kin iya wannan a mayar da feda. Wadda ke taimakonki ta riƙe kariya ta baya, kada ta riƙe kan keken. In hannunki ya faɗa, a ɗaga sirdi har ya zama in feda ta sauka ƙasa ƙafarki ta kusa miƙewa, domin sirdin da ya yi ƙasa da yawa shi ke jawo ciwon gwiwa.

Na biyar, minti 10 ko 15 ya isa a rana ta fari. Sannu ba ta hana zuwa. Ki tuna ƙashin mace ya kan yi rauni bayan al'ada ta ɗauke, faɗuwar da yarinya za ta tashi tana dariya ke tana iya karya ki, saboda haka ba tsere, ba goyon kowa, sai kin gwanance.

In kin fara hawa hanya ki bi gefen dama, gama tun 1972 hannun dama a ke bi a Nijeriya. Ki ba manyan motocin da ke zuwa bakin iyaka hanya, gara ki sauka ki tsaya su wuce. In kin sami hular kwano ki sa. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, ki fita da sanyin safiya, ki riƙe ruwan sha. Mai shan maganin suga kada ta hau da yunwa. In kin ji ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya gagara, ko ido ya yi duhu, ki sauka nan take ki nemi asibiti. Kada kuma ki bar maganinki don kin ji sauƙi, likita ne kaɗai zai rage miki. Zamanin nan kuwa hanyoyin daji ba su da cikakken tsaro, saboda haka ku tafi ku biyu ko uku, ku dawo gida kafin magariba.

To, ina godiya ta shigo cikin zancen keke? Mu Kirista mun san labarin da ke cikin Linjila ta hannun Luka, sura 17, na kutare goma da Yesu Almasihu ya warkar. Duka goman sun warke, amma ɗaya tak ya juyo ya yi godiya, shi kuwa baƙo ne, Basamariye. Sauran taran ba miyagu ba ne, murna ce ta ɗauke su suka wuce harkokinsu. Haka yawancinmu mu ke. Muna kwance mu yi ta alkawari, mu tashi mu manta. 'Yan'uwanmu Musulmi ma sun san lafiya amana ce, za a kuwa tambayi mutum abin da ya yi da ita. Hausawa suka ce yaba kyauta tukwici. Wadda aka ba zane ta ninke shi a akwati har asu ya cinye, ba ta yaba ba, ko da ta yi godiya sau ɗari da baki. Wadda ta ɗaura shi ta fita, mai kyautar ya gani ya ji daɗi, ita ce ta yaba. Lafiyar da Allah ya mayar wa mace bayan ciwo ita ma haka ta ke. A kiyaye ta da motsi, da rage gishiri, da shan magani kan kari, sa'an nan a tafi da ita inda a ke bukatarta, wurin mai jego, da marar lafiya, da tsohuwar da ba ta da kowa.

Ku 'yan makaranta, ga aikin gida na ba ku. Da yawanku kun iya keke tun kuna firamare, da na yayyenku kuka koya a ɓoye. Hutun nan mai zuwa kowace ta dubi uwarta, ko gwaggonta, ko kakarta, wadda aka ce ta riƙa motsa jiki. Ki yi mata tayi da ladabi. In ta yarda ki riƙe mata kariya da haƙuri, kada ki yi dariya in ta karkace, ki tuna ita ce ta riƙe miki hannu ran da ki ke koyon tafiya. Ku shugabannin Zumuntar Mata da na sauran ƙungiyoyin mata, ku duba ko adashinku zai iya sayen keke ɗaya na taron, a riƙa koyo da shi bi da bi. Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2018 ta keɓe ran 3 ga watan Yuni ta zama Ranar Keke ta Duniya. Ina fata kafin ta sake zagayowa in sami takardu daga Illo, da Zagga, da Kende, da Lolo, na iyayenmu da suka koya, kowace ta faɗi shekarunta da abin da ta ji a jikinta, mu buga a filin nan domin na baya su yi ƙarfin hali. Wadda kuma ba ta yarda da maganata ba, ita ma ta rubuto, filin na kowa ne.

Allah ya ba mu lafiya, ya ba mu zuciyar godiya. Sai mako mai zuwa.

Taku,
Malamar Filin Mata, Bahindi